An Ce a Yi Karatu Daga Gida, Amma Gidan Wa?

Duk wanda ya yi azumin 2020 a cikin Kano ba zai manta da shirun hantsin waɗancan kwanaki ba. Babu 'yan firamare masu rige-rigen tsallaka titi da jakunkuna a baya, babu adaidaita sahu da aka cika da yara har bakin ƙofa, babu ƙarar ƙarfen da ake bugawa idan za a tashi tara. Makarantu na garƙame da kwaɗo, awaki sun gaje filin ƙwallo.

A cikin gidaje kuwa labarin ya rabu. A wani gida janareta na ruri, 'yar aji biyar na zaune gaban kwamfutar babanta, malamarta na bayani ta intanet. An turo aikin gida ta WhatsApp, uwa za ta duba kafin a mayar.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da wani gidan haya mai ɗakuna barkatai. Rediyo ɗaya ce a nan, ta dattijon da ke ɗakin zaure, batirinta kuma na labaran safe ne da tafsiri. Wayar gidan na aljihun uba, uban ya sulale ta lungu neman abin buɗa-baki duk da dokar kulle. Nan ma akwai 'yar aji biyar. An aike ta niƙa, daga can za ta biya rijiyar burtsatse.

A takardun hukuma, su biyun duka suna karatu daga gida.

Da abin ya tsaya a korona, da mun ce ya wuce. To, bai tsaya ba. Rufe makaranta ya zama ɗan gida a Arewa, kuma duk sa'ad da aka rufe, sanarwar takan zo da rana da dalili, ba kasafai take zuwa da bayanin abin da yaro zai yi da safiyarsa ba.

Kwana 30 da suka zama wata bakwai

A ƙarshen Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Legas. Ba a yi wata guda ba, gwamnonin Arewa maso Yamma suka haɗu a Kaduna suka yanke shawarar rufe makarantu na kwana 30 daga ranar 23 ga Maris. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ita ma ta ba da umarni ga ƙasa baki ɗaya.

'Yan ajin ƙarshe na sakandare ne suka fara komawa, ranar 4 ga Agusta, don zaman jarrabawar WAEC da aka soma ranar 17 ga watan. Shirin mako biyu ke nan bayan zaman gida na sama da wata huɗu. Wannan ma sai da aka kai ruwa rana, domin a watan Yuli ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya nuna cewa gara a yi asarar shekarar da a jefa yara cikin haɗari, kafin daga baya a sauya shawara. Sauran azuzuwa kuwa sai a Oktoba a yawancin jihohi. A Jamhuriyar Nijar hutun dolen bai yi tsawo haka ba: an rufe a Maris, an koma a farkon Yuni.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. UNESCO ta ce ɗalibai kimanin biliyan 1.6 a ƙasashe sama da 190 ne suka zauna a gida a lokacin da annobar ta yi tsanani. A Yuganda sai da aka doshi shekara biyu kafin a buɗe gaba ɗaya, a Janairun 2022. Wani rahoton UNICEF na watan Agustan 2020 ya ce aƙalla kashi ɗaya cikin uku na 'yan makarantar duniya ba su da hanyar samun darasi daga nesa, a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya kuwa kusan rabi ne.

Wannan lissafi na waɗanda sunansu ke cikin rajista ne. Yara sama da miliyan 10 da dama can ba sa zuwa makaranta a Najeriya, galibinsu a Arewa, ba su ma shiga maganar ba.

An rufe makaranta, an rufe sabis

Wata biyu kacal bayan komawa, a daren 11 ga Disamban 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Sai Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, sai Islamiyyar Tegina a ƙarshen Mayu, inda ƙananan yara suka yi wajen wata uku a daji, sai Birnin Yauri a Yuni. Bayan kowane hari, gwamnoni kan rufe makarantun kwana, wani lokaci har da na jeka-ka-dawo. A 2022 UNICEF ta ce makarantu sama da 11,000 aka rufe saboda rashin tsaro tun daga harin Ƙanƙara.

Abin da ya faru a Zamfara a Satumban 2021 ya isa a riƙa koyar da shi ga duk mai tsara manufofin ilimi. Bayan sace ɗalibai a ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar. A cikin makon kuma aka katse layukan waya a faɗin jihar don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa, daga baya aka yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ga makaranta a rufe, ga waya ba sabis. Duk wani shirin karatu da aka gina kan intanet ya mutu a wannan rana, a daidai wurin da aka fi bukatarsa.

Ba a nan aka tsaya ba. Sace ɗaliban Kuriga a Maris 2024. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a Satumban shekarar, wadda ta mayar da makarantun Maiduguri sansanin 'yan gudun hijira. A Nijar ma ambaliya ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoban 2024. Sannan a Nuwamban 2025, bayan hare-haren Maga a Kebbi da Papiri a Neja, gwamnatin tarayya ta rufe makarantunta na sakandare sama da 40, jihohi irin su Neja da Katsina da Filato da Bauchi su ma suka sallami ɗalibai.

Wato akwai yaron da ya shiga aji ɗaya a 2019 a wasu sassan Katsina ko Zamfara wanda zai gama firamare bai taɓa ganin shekarar karatu ta tafi daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tangarɗa ba.

Darasi a iska

Adalci a faɗa: ba a naɗe hannu ba a 2020. Jihohi da dama, har da Kaduna da Kano da Borno, sun sa darussa a rediyo da talabijin. Edo ta bi ta WhatsApp da saƙonnin waya. Asusun tallafa wa ilimi na duniya, GPE, ya ba da dala miliyan 15 ta hannun UNICEF don jihohi 16. A Maris 2022 aka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa har da na Hausa. Malaman da suka riƙa zuwa gidajen rediyo cikin dokar kulle suna karanta darasi a gaban makirfo sun cancanci a gode musu.

Sai dai darasin rediyo ruwan sama ne. Yana zuba a kan kowa, amma sai mai tulu ke tara.

Tulun farko wuta ce. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kimanin miliyan 85 ba su da wutar lantarki, waɗanda ke da ita kuma sun san halinta. Talabijin ta fita daga lissafin ƙauye ke nan. Waya kuwa, a gidaje da yawa ƙarama ce mai tocila, ba babba ba, kuma ta maigida ce, da ita yake fita, da ita yake dawowa, cajinta ma biya ake yi a shago. Idan an samu babbar, ga kuɗin data. Magidancin da aka hana fita kasuwa, idan ɗari biyar ta shigo hannunsa, ba sai an tambaye shi tsakanin data da garin tuwo wanne zai saya ba.

Rediyo ce ta fi dacewa da mu, kuma ba baƙuwa ba ce. Amma ita ma da nata sharuɗɗan. Wane lokaci ake sa darasin? Idan da hantsi ne a watan Yuli, yaron karkara na gona. Da wane harshe? Ɗan aji huɗun da ko a cikin aji sai malam ya fassara masa Turanci kalma bayan kalma, me zai tsinta daga muryar da ba ta tsayawa? Kuma darasi ɗaya ne ga dubban yara masu mataki daban-daban. Wanda ya ɓace a minti na uku ya ɓace ke nan, ba shi da damar ɗaga hannu.

Abin mamaki, mun daɗe da sanin wannan. Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, da aka kafa a 1989 mai hedikwata a Kaduna, ta yi shekaru tana gabatar da shirin Don Makiyaya a Ruga a Rediyon Tarayya na Kaduna, kuma ta haɗa shi da rukunonin masu sauraro. A tsakiyar shekarun 1960 Nijar ta gwada koyar da 'yan firamare ta talabijin a wasu azuzuwa a kewayen Yamai, kuma kowane aji da mai kula da shi, wanda ke maimaita darasi da yara bayan an kashe akwatin. Duk inda irin wannan koyarwa ta yi tasiri, akwai mutum zaune a gefen na'urar. A 2020 mun sa darasi a iska, mun manta da mutumin.

Akwai kuma wata hanya da ke gaban idon kowa amma ba a cika waiwayarta ba. Babu kasuwar ƙauyen da ba ta da masu tura fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a waya. Da ɗan ƙaramin kati, ba data, ba sabis, tafsirin Ramadan kan kai rugar da mota ba ta zuwa. Darasin karatu da lissafi na aji ɗaya zuwa shida, cikin Hausa, da murya mai daɗi, zai shiga kati guda har da saura. Yaro zai iya mayar da shi baya sau goma, abin da rediyo ba ta yarda da shi.

Abin da girgizar ƙasar Pakistan ta nuna

A Oktoban 2005 girgizar ƙasa ta afka wa arewacin Pakistan. Makarantun yankin sun yi kimanin mako 14 a rufe. Bayan shekara huɗu masu bincike suka koma suka gwada yaran, suka tarar waɗanda abin ya shafa suna bayan takwarorinsu da karatun kusan shekara ɗaya da rabi.

Yaya rufewar wata uku ta haifi giɓin shekara ɗaya da rabi? Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne, da yaran suka koma, malamai sun ci gaba daga inda manhaja ta ce a kai, ba daga inda yaran suke ba. Wanda ya rasa tushe sai ya yi ta zama a aji ana gini a kansa, giɓin na ƙara faɗi kowace shekara.

Abu na biyu da binciken ya gano shi ya fi shafar mu. Yaran da iyayensu mata suka gama firamare ba su nuna wannan koma-baya ba. Ba digiri ba, firamare.

A nan gizo ke saƙar. Idan aka rufe makaranta, uwa ce ke zama hedimasta, ko ta shirya ko ba ta shirya ba. A yawancin karkarar Arewa maso Yamma, matan da ke iya karanta boko ba su kai rabi ba. Saboda haka takardar aikin gida da aka rubuta da Turanci aka ce "iyaye su taimaka" tana ƙara wa mai shi ne, ta bar marar shi a inda yake.

Amma kuskure ne a ɗauka uwar da ba ta yi boko ba ba ta da abin bayarwa. Ita ce ke yanke ko yarinya za ta zauna sauraren darasi ko za ta ɗauki farantin talla. Da yawansu sun yi Islamiyya, sun san ladabin karatu, sun san tilawa da hadda. Macen da ke riƙe da adashin mutum ashirin a ka ba za a ce ba ta san lissafi ba. Abin da ba a yi ba shi ne a yi magana da ita kai tsaye, da harshenta, a gaya mata: Inna, ƙarfe kaza ake darasin, minti 20 ne, ki sa shi ya karanta miki layi uku da ƙarfi ko da ba ki gane ba. Makarantun matan aure da ke unguwanni, da ungozomomi, da masu unguwanni, duk hanyoyi ne da ma'aikatan rigakafin shan-inna suka daɗe da sani. Ma'aikatun ilimi ba su cika bin su ba.

Kwanon abincin da ya tsaya

Ga yara da yawa makaranta ba allo da alli kawai ba ce. Shirin ciyar da 'yan firamare na gwamnatin tarayya, da aka fara a 2016 kan naira 70 kowane yaro a rana, ya shafi 'yan aji ɗaya zuwa uku, kuma gwamnati ta ce ya kai ga yara kusan miliyan tara. Ranar da aka sa kwaɗo, wannan kwano ya tsaya, masu dafawa su ma sana'arsu ta tsaya.

A watan Mayun 2020 Ma'aikatar Jinƙai, ƙarƙashin Hajiya Sadiya Umar Farouq, ta fara raba ɗanyen abinci, shinkafa da wake da mai da ƙwai, ga iyalan 'yan makaranta su kai gida. An yi a Abuja da Legas da Ogun, aka ce an kashe sama da naira miliyan 500. Mutane suka yi ta ba'a: yaya za a ciyar da 'yan makaranta alhali makaranta na rufe?

A ganina, masu ba'ar sun saki reshe sun kama ganye. Yunwa ba ta tafiya hutu, kuma ƙasashe da dama sun yi irin wannan rabo. Tambayoyin da suka dace su ne: wa ya karɓa, wa ya gani, kuma me ya sa jihohin da suka fi yawan yara masu tamowa ba su cikin sahun farko? Da a Oktoban shekarar jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin korona a Jos da Kaduna da wasu garuruwa suka tarar da buhuna jibge, sai ɗan amincin da ya rage ya ƙare.

Waɗanda ba su dawo ba

Saliyo ta riga mu ganin wannan. Lokacin Ebola makarantunta sun yi wajen wata tara a rufe, daga 2014 zuwa Afrilun 2015, kuma dubban 'yan mata sun samu ciki a tsakani. Gwamnati ta hana su komawa aji, dokar da ba a janye ba sai a Maris 2020, bayan hukuncin kotun ECOWAS.

A wajenmu hanyar fitar ta bambanta, amma ƙofar ɗaya ce. Yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare ta yi wata shida a gida, ta soma talla, kuɗi na shigowa, manemi ya fito, ba wanda ya san ranar komawa. Uban da ya ce a ɗaura ba lallai maƙiyin boko ba ne. Mutum ne da ya duba abin da ke gabansa ya zaɓi wanda ke da rana. Bayan Jangebe kuwa, wa zai iya kallon idon uwa ya ce mata tsoronta ba shi da tushe? Namiji ma haka: wanda ya shiga garejin kanikanci, ko ya bi 'yan haƙar zinare, ya ɗanɗana kuɗin kansa, da wuya ya koma zama a ƙasa cikin aji mai mutum ɗari.

Shi ya sa tallafin kuɗi ga iyali ba sadaka ba ce, wani ɓangare ne na aikin ilimi. Shirin AGILE na Bankin Duniya, da aka amince da shi a 2020 kan dala miliyan 500, ya fara da jihohi bakwai, ciki har da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, kuma yana ba iyalai marasa ƙarfi kuɗi don 'ya'yansu mata su ci gaba da sakandare. Irin wannan tallafi a lokacin rufewa aka fi bukatarsa, lokacin da ake yanke shawarar da ba ta warwaruwa.

Almajirai kuwa nasu "tallafin" mota ce. A Afrilu da Mayun 2020 gwamnonin Arewa suka amince a mayar da su jihohinsu na asali. Aka yi ta jigilar dubban yara tsakanin Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna da sauran jihohi, wasu aka same su da cutar bayan an sauke su. An yi alƙawarin sa su a makaranta a garuruwansu, amma makarantun a rufe suke. Da kulle ya ƙare, tsangayu suka sake cika. A 2023 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma ɗaya daga cikin ayyukan da ke jiran ta shi ne abin da za a yi da waɗannan yara idan an sake kulle gari.

Sai masu bukata ta musamman, waɗanda ba a cika tunawa da su ba sai an gama rabo. Kurma ba ruwansa da darasin rediyo. Makaho ba ruwansa da takardar aikin gida. Ga yaron da ke makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano, rufewa ta fi asarar darasi: a can ne kawai yake da abokan hira da maganar hannu. A gida ana sonsa, amma sau da yawa ba mai iya yi masa doguwar magana.

Malam yana nan, ba a neme shi ba

A lokacin korona malaman makarantun gwamnati, in ban da 'yan kaɗan da aka ɗauka aikin rediyo, sun zauna ne ba tare da an ba su wani takamaiman aiki ba. Na makarantun kuɗi kuma da yawa sun yi watanni ba albashi, wasu suka koma tuƙa adaidaita ko sayar da kayan miya, wasu suka shiga yi wa 'ya'yan masu hali lesin a gida. Ka ga ilimin bai daina gudana ba. Ya koma gidajen da za su iya biya ne kawai.

Botswana ta gwada wani abu mai sauƙi a 2020. Wata ƙungiya mai suna Young 1ove ta ɗauki iyalai kimanin 4,500. Wasu aka riƙa tura musu 'yan tambayoyin lissafi ta saƙon waya duk mako, wasu kuma aka haɗa musu da kira na minti 15 zuwa 20, inda mai koyarwa ke magana da yaro, uwa ko uba na gefe. Saƙo shi kaɗai bai yi wani tasiri mai ɗorewa ba. Saƙo da kira sun yi. Daga baya aka maimaita gwajin a Kenya da Yuganda da Indiya da Nepal da Filifin. Ƙaramar waya ta wadatar, kuma mai karɓar kira ba ya biyan ko kwabo.

A gida ma an taɓa. Shirin KaLMA, wanda aka fara a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Kano don gyara karatu da lissafin 'yan manyan azuzuwan firamare, ya koma bin yara gida da rediyo da saƙonnin waya da layin kira kyauta da aka rufe makarantu. Ƙananan hukumomi biyu ke nan cikin 44.

Inda sabis ya ɗauke ma malam bai ɗauke ba. A garuruwa da yawa yana zaune a unguwar da ɗalibansa suke. Yara goma a zaure, awa ɗaya, kwana uku a mako, da takardun da aka buga da Hausa: wannan ba ya tara ɗaruruwan yara wuri ɗaya, wanda shi ne abin da ake gudu, ko saboda cuta ko saboda 'yan bindiga. Littattafan ma akwai su. Shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, sun bar kayan koyon karatu da Hausa. Tabbas akwai ƙauyukan da malamin kansa ya gudu, kuma ba wanda zai ce ya koma ya ba da ransa. Amma ba dukkan makarantun da ake rufewa ne ke bakin daji ba.

Kowa da hujjarsa

Jami'an gwamnati na cewa rai ya fi karatu, kuma gwamnan da ya bar makaranta a buɗe aka kwashe yara ba shi da bakin magana. Gaskiya ne. Suna kuma cewa ba su da jami'an tsaron da za su gadi kowace makaranta. Wannan ma gaskiya ne. Abin da ba su cika amsawa ba shi ne dalilin rufe makarantar tsakiyar birni saboda harin da aka kai nisan kilomita ɗari biyu, da kuma dalilin da ya sa har yau ba a ga wani tsayayyen tsari da ke fara aiki washegarin rufewa ba. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kare makarantu tun 2015, ta karɓi baƙuncin taron duniya a kanta a Abuja a 2021, kuma ci gaba da karatu a lokacin rikici na cikin alƙawuran yarjejeniyar.

Masu makarantun kuɗi na cewa haya da albashi ba sa jira. Iyaye kuma na cewa ba za su biya kuɗin zangon da ba a yi ba, balle a ƙara musu da na data. An sha wannan rigima a 2020. Malamai na cewa a ba su katin waya da kuɗin mota kafin a ɗora musu sabon aiki, kuma wanda ke bin bashin albashi ba a yi masa wa'azin sadaukarwa. Su kansu iyayen ba bakinsu ɗaya ba: na birni na matsa lamba a buɗe, na ƙauyen da aka taɓa kai wa hari na cewa ko an buɗe nasu ba za su je ba.

Ranar komawa

Wurin da aka fi yin asara ba a lura shi ne makon farko bayan buɗewa. A 2020 an matse zango, an taƙaita hutu, an tura yara aji na gaba. Hankali ya tafi kan masu jarrabawar fita, wato waɗanda suka riga suka tsallake duk ramukan da ke hanya. 'Yan aji ɗaya da biyu, masu koyon haɗa baƙi da wasali, su ne na ƙarshe a layi, alhali su ne mantuwa ta fi yi wa ɓarna.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta daɗe da fito da shi, an kuma gwada shi a Borno da Kano: a gwada kowane yaro na 'yan mintuna, a ga wa ke gane baƙi, wa ke karanta kalma, wa ke karanta labari, sannan a raba su bisa matakinsu na awa ɗaya ko biyu a rana, ba bisa ajinsu ba. Ba ya bukatar kwamfuta. Yana bukatar sakataren ilimi ya yarda malam ya ajiye manhaja na 'yan makonni ba tare da mai duba makarantu ya rubuta masa takardar tuhuma ba.

Haka nan a ɗauko rajistar kafin rufewa a kira suna. Duk wanda bai amsa ba, hedimasta da kwamitin makaranta da mai unguwa su taka zuwa gidansu a cikin makon, tun ba a sa rana ba, tun bai bi mota zuwa Kudu ba.

Za a ce kuɗi. Buga takardu, katin waya ga malamai, lokacin rediyo, da ɗan abin da za a miƙa wa iyalai mafi rauni ba su kai kuɗin katangar makaranta guda nawa ba. A asusun hukumar UBEC kuma akwai biliyoyin nairori da ke kwance shekara da shekaru saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba. Idan kwamishinan ilimi ya zo kare kasafin kuɗinsa a gaban majalisar jiha, ya kamata a samu ɗan majalisa ɗaya da zai tambaye shi yara nawa ne ba su dawo ba bayan rufewar Nuwamban 2025, a wace ƙaramar hukuma suke, kuma a wane layi na kasafin aka rubuta abin da za a yi idan aka sake rufewa.